Sharhi Kan Injin V6 na Peugeot 505 da Aka Ɗora wa 504 Coupé a Zariya

Injin da nake sharhi a kansa shi ne V6 na Peugeot 505, wanda kamfanin ya yi wa lamba ZN3J, mai girman cc 2849 da ƙarfin doki 170. Na saye shi tokumbo, wani bakanike a Sabon Garin Zariya ya ɗora shi a kan 504 Coupé ƙirar 1979 da na gada daga kawuna. Hukuncina a kansa shi ne, babu injin da ya fi shi dacewa da wannan mota a cikin waɗanda ake iya samu a kasuwanninmu, amma fa ga wanda zai iya kula da ruwansa da wayoyinsa kaɗai. Wanda ba zai iya ba, gara ya tsaya a kan injin 504 na gama-gari ya huta.

Ya kamata a fara fahimtar motar kanta, domin ita ce ke tsara irin injin da za ta karɓa. An fito da 504 Coupé a bikin baje kolin motoci na Janiba a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma ya riƙa ƙera jikinta, aka ci gaba da yin ta har 1983. Ba ta cikin motocin da aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, saboda haka 'yan ƙalilan da ke ƙasar nan shigo da su aka yi. Ƙofa biyu gare ta, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta 504 da muka sani da santimita 19. Tawa ta zo da inji mai silinda huɗu, cc 1971, mai famfon fesa mai na Kugelfischer. Famfon ya daɗe da mutuwa, wani ya cire shi ya dasa kafireta tun kawu yana raye, daga baya kuma jikin injin ya tsage, har ruwa yana gauraya da baƙin mai.

Shawarwarin da aka ba ni sun yi yawa, kuma mafi rinjaye sun karkata ne ga Toyota, kamar yadda aka saba a yanzu. Matsalar da masu ba da shawarar ba su cika lura da ita ba ita ce, yawancin injunan da suka cika rumfunan Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, irin na Camry da Corolla, har ma da na Peugeot 406, a gicciye aka ƙera su domin su ja tayoyin gaba, alhali 504 da tayoyin baya take ja. Injunan Toyota da suke zama a tsaye su ja baya kuwa, kowanne da nasa cikas. 1UZ na Lexus LS400, mai silinda takwas da ƙarfin doki 250, inji ne nagari ƙwarai, sai dai yana da faɗi, kuma da giya mai sauya kanta kaɗai ya fito daga kamfani. 2JZ mai silinda shida a jere dogo ne, jikinsa baƙin ƙarfe ne mai nauyi, zai danne gaban motar ya ɓata mata sitiyari.

Babban abin da ya yanke gardamar yana ƙarƙashin motar. A 504 da 505, farfela ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe ne mai kauri wanda aka ɗaure kansa ɗaya a bayan giyabos, ɗaya kan kuma a jikin aksul na baya, ta yadda inji da giyabos da aksul suka zama abu guda. Duk wanda ya kawo baƙon inji da baƙon giyabos, dole ne ya cire wannan bututu, ya ƙera sabuwar farfela, sannan ya nemo yadda zai ɗaure aksul ɗin don kada ya riƙa ɗagawa duk lokacin da aka taka totur. Ana iya yin wannan aiki, amma aiki ne na auna ƙarfe da lissafi, kuma idan aka kuskure ko da kaɗan ne motar za ta yi ta kakkarwa a kan titi har ƙarshen rayuwarta. Bakaniken da ya yi mini aikin, dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran motocin haya na Zariya zuwa Kano, cewa ya yi: "Alhaji, idan ka ce a yanke mata ciki zan yanke, amma daga ranar ba Peugeot kake tuƙawa ba."

V6 na 505 bai buƙaci wannan yanka ba, saboda ɗan gida ne. Yana cikin jerin injunan da ake kira PRV, waɗanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa hannu suka ƙera a Douvrin da ke arewacin Faransa, kuma tun 1974 Peugeot da kanta ta soma sayar da 504 Coupé da na farkonsu, mai cc 2664 da ƙarfin doki 136. Da irin wannan mota ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kwaddibuwa a shekarar. Ma'ana, mazaunin injin motar an riga an gina shi da faɗin da zai ɗauki V6. Bambancin ZN3J, wanda ya fito a 505 daga 1986, da na farkon shi ne an sake fasalin karanshaf ɗinsa, silindoji shida suna tashi a tazara iri ɗaya, wannan ya kawar da ɗan ɗingishin da aka san tsofaffin PRV da shi idan suna sulo. An kuma inganta hanyar da baƙin mai ke bi zuwa kamshaf, wadda ita ce ta ɓata wa na farkon suna.

Wurin saye ne mutum zai fi buƙatar natsuwa. Mafi ƙuruciya a cikin waɗannan injuna ya haura shekara 30, saboda haka kalmar tokumbo kaɗai ba ta tabbatar da komai. Akwai kuma V6 na 605, mai cc 2975, wanda shi ma PRV ne kuma yana kama da wannan a ido, amma a gicciye yake zama, kuma kayan da ke kewaye da shi ba iri ɗaya ba ne. Na dage sai da aka haɗa mini da giyabos ɗinsa BA10 mai giya biyar, da filawil da kuloci, da birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin), da na'urar auna iska, da dukan wayoyinsa ba tare da an datse su ba. Mai saye ya sa a buɗe murfin tafet na ɓangarorin biyu ya duba ko kamshaf ya cinye, ya kuma duba ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai farin kumfa, wanda ke nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Kada kuma ya bar rumfar sai da rasit mai ɗauke da lambar injin, domin da ita za a gyara takardun motar.

Ɗorawar ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi mini alkawari, ko da yake ban ga laifin bakaniken sosai ba. Kujerun inji na 505 sun zauna bayan ɗan gyara, amma bututun farfela sai da aka kai shi wurin masu yankan ƙarfe da inji aka daidaita tsawonsa da gajartar motar. Tazarar da ta rage tsakanin saman injin da bonet kaɗan ce ƙwarai. Salansa sabuwa aka ƙera, tun da bututu biyu ne ke fitowa daga inji su haɗe. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne, motar da ma ta zo da bututun mayar da fetur tanki saboda tsohon famfonta na Kugelfischer, sai kawai aka sa sabon famfo mai matsin da nozul ke buƙata. An kuma sa faifan birki na gaba mai ramin iska, domin birkin da aka auna wa doki ɗari da 'yan kai bai kamata a bar shi da 170 ba. Idan aka haɗa lissafi, kuɗin injin kansa bai kai rabin abin da aikin ya ci ba, kuma duk mai shirin irin wannan aiki ya sa haka a ransa tun kafin ya taya inji.

Inda na sha wahala shi ne wajen wuta. Riwaya, wato mai gyaran wutar mota, na farko da aka kawo ya ga wayoyin Bosch LH-Jetronic, ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a cire su duka a juya injin zuwa kafireta. Na ƙi, domin yin haka zai zubar da rabin amfanin injin, ya ƙara masa shan mai, ya kuma sa shi wuyar tashi da sanyin safiya. Sai da muka samo wani matashi mai iya karanta zanen wayoyi, kuma cikin natsuwa ya haɗa komai yadda kamfani ya tsara.

A kan hanya, motar ta zama wata aba dabam. A titin Zariya zuwa Kano, inda ake samun sarari, ba sai an sauko daga giya ta biyar ba kafin a wuce tirela, kuma ƙarar injin mai taushi ce, ba ta cika kunne. Tun da jikinsa na alminiyom ne, nauyinsa bai zarce na tsohon mai jikin baƙin ƙarfe da wani abin a zo a gani ba, don haka gaban motar bai nutse ba, kuma tana shan kwana a hanyar Funtuwa yadda take sha a da. Aibi ɗaya da na lura da shi shi ne, aksul ɗin da aka yi wa ƙaramin inji yana sa V6 juyawa fiye da bukata a doguwar tafiya, kuma maganinsa shi ne a nemo aksul na 505 V6. Shan mai kuwa, babu amfanin ɓoyewa, ya fi na da, musamman a cikin gari, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba mota ce ta kai yara makaranta kullum ba.

Zafi ne ainihin jarrabawar wannan inji a garinmu. Silindojinsa silif ne da ake zurawa a cikin jikin alminiyom, ruwa yana kewaye da su kai tsaye. Kanikawan Peugeot sun san wannan tsari tun daga injin 504, kuma wannan ma wata fa'ida ce, sai dai V6 ba ya yafe abin da na 504 ke yafewa. Idan ya tafasa sau ɗaya, tof silinda na iya lanƙwashewa, gasket ya ƙone, ko ruwa ya fara zurara ta gindin silif, kuma nan tof biyu ne ba ɗaya ba. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da zuba ruwan rijiya a lagireto, ita ce ta kashe yawancin V6 da suka shigo ƙasar nan a ganina. Mun sa babban lagireto da fanka biyu na lantarki masu tashi da kansu, muka bar tamostat a wurinsa, muka zuba ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa. Da wannan shiri motar ta jure cunkoson Kwangila da na PZ da tsakar ranar watan Afrilu ba tare da allura ta haura tsakiya ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin na'urar auna iskar siririyar waya ce mai zafi a cikinta, idan datti ya rufe ta injin zai riƙa sarƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi, don haka matatar iska mai kyau wajibi ce, kuma a riƙa sauya ta da wuri.

Ta fuskar gyara, injin yana da sauƙin kai fiye da yadda ake tsoronsa. Sarƙa ce ke juya kamshaf ba bel ba, bawul biyu ne a kowace silinda, kuma da hannu ake saita tafet. Kayansa ne ke da wuya. Fulogi da matatar mai ana samunsu a Sabon Gari, amma gasket na tof da famfon ruwa da na'urar auna iska sai an aika Ladipo a Legas ko an yi oda daga Faransa, wasu kuma sukan dace da na Volvo 760 mai injin B280, ɗan'uwansa. Wanda ya ga wannan ɗawainiya ta yi masa yawa, injin 505 GTI mai cc 2165 da ƙarfin doki 130 tsaka-tsaki ne mai kyau, kuma shi ma yana ɗaure da bututun farfela ba tare da an cire shi ba. Wanda kuma ya zaɓi V6, shawarata ita ce ya sayi na biyu, ko da matacce ne, ya ajiye a gida domin kayansa, tun yanzu da sauran 'yan kaɗan a kasuwa.