Mount Vernon ko Monticello: wanne za ki je?

Hajiya, kin ce kwana ɗaya kacal za ki samu bayan taronku a Washington, kina tambayar wanne ya fi cancanta ki ziyarta cikin gidajen gona biyun nan na shugabannin Amurka na farko.

Duk biyun a jihar Virginia suke. Mount Vernon, gidan George Washington, kusan kilomita 25 ne daga birnin, a bakin kogin Potomac. In kin fita da safe, kafin la'asar kin dawo masauki. Monticello na Thomas Jefferson kuwa yana kan tudu kusa da Charlottesville, sai kin yi fiye da awa biyu a mota, ga kuma dawowa.

Wajen gini, Monticello ya fi ɗaukar ido. Jefferson da kansa ya zana shi, da ƙubba a sama. Na Washington katako ne, aka shafa masa fenti da yashi don ya yi kama da dutse, sai kin matsa kusa za ki gane. Mabuɗin kurkukun Bastille na Paris da Lafayette, janar Bafaranshe da ya taya shi yaƙin neman 'yancin Amurka, ya aiko masa daga Faransa yana nan rataye a ciki.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayin da suka noma gonakin. A 1799 da Washington ya rasu, bayi 317 ne a Mount Vernon. Ya bar wasiyyar a 'yanta 123 da suke nasa, sauran yawancinsu gadon mijin matarsa na farko ne, aka rarraba su ga magada. Jefferson ya mutu a 1826 bashi ya yi masa katutu, aka yi gwanjon mutum 130, aka raba iyaye da 'ya'yansu. Monticello ba sa ɓoye wannan: za su zagaya da ke Mulberry Row inda bayi suka zauna suka yi sana'a, su ba ki labarin Sally Hemings, baiwar da ta haifa wa Jefferson 'ya'ya.

Da kina da kwana biyu, da na ce kada ki bar Monticello. Tunda ɗaya ne, ki je Mount Vernon. A jerin sunayen bayin gidan na 1774 akwai mata biyu masu suna "Fatimer", wanda masana ke kyautata zaton Fatima ne. Idan kin ga kabarin Washington kada ki juya daga nan. Ki ɗan ƙara gaba cikin itatuwa, maƙabartar bayin tana wurin, kaburburan ba suna.