Raket ɗin Federer da hannuna

Wata huɗu ke nan ina buga tanis da raket (abin buga ƙwallon tanis) samfurin Wilson Pro Staff RF97, kuma gaskiya son shahararren ɗan wasan tanis Roger Federer ne ya sa na saye shi.

Ranar farko da na ɗaga shi na san na ɗauko aiki. Giram 340 ne tun kafin a ɗaura masa zare. Ana cikin zagaye na biyu kafaɗata ta fara kuka, laifin hannuna ne da bai saba ba. Amma idan ƙwallo ta faɗa daidai tsakiya, wayyo, sai ka ji wani sauti mai kauri, ta tafi inda ka aike ta ba gardama. Bugun yanka kuwa, wato a goge ƙwallo ta ƙasa da raket, ƙasa-ƙasa yake tafiya, abokin wasana har tsaki yake yi.

Federer ya daɗe yana riƙe da raket mai faɗin fuska murabba'in inci 90, sai a 2014 ya koma mai 97. Da irin wannan ya doke abokin hamayyarsa Rafael Nadal a wasan ƙarshe na gasar Ostireliya a 2017, bayan ya yi jinyar gwiwa, ya ƙara da kofin gasar Wimbledon a shekarar. Ya yi ritaya a Landan a 2022 da manyan kofuna 20.

Sabon shiga ya nemi mara nauyi tukuna. Ni dai na riƙe nawa, sai dai yanzu nakan motsa kafaɗa minti goma kafin in shiga fili.