Alita da Pacific Rim: ciniki ɗaya, rabo daban

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka yi tambaya cewa tunda an ce fim ɗin Alita: Battle Angel ya yi cinikin sama da dala miliyan 400, ashe wannan bai isa a yi masa kashi na biyu ba? In kuma ya isa, me ake jira tun 2019? Na ga wasu sun ce maka fim ɗin faɗuwa ya yi warwas, wasu kuma sun ce riba ya ci mai tsoka, ƙeta ce kawai ta hana a ci gaba. Duka biyun akwai gyara. Ni ma wannan fim yana raina, shi ya sa na daɗe ina bin lissafinsa, kuma hanyar da na ga ta fi fito da maganar fili ita ce a ajiye shi kusa da wani fim da suka yi kama a wajen kuɗi kamar an tsaga kara, wato Pacific Rim na 2013. Shi an yi masa na biyu, Alita kuwa shiru.

Dukansu finafinan ƙagaggen labarin kimiyya ne, kuma dukansu daga Japan suka ɗebo ruwa. Pacific Rim, wanda Guillermo del Toro ya ba da umarni, labarin manyan butum-butumi ne da mutum biyu ke tuƙawa don yaƙar dodannin da ke fitowa daga ƙarƙashin teku, salon da Japanawa suka daɗe da ƙwarewa a kai. Alita kuwa daga littafin zane na Yukito Kishiro aka ɗauko shi, wanda ya fara fita a 1990. Robert Rodriguez ne darakta, James Cameron da Jon Landau su ne furodusoshi. Har ma akwai wata igiya da ta ɗaure su: del Toro ne ya fara nuna wa Cameron labarin Alita, shekaru da yawa kafin a yi fim ɗin. Sannan kowannensu ya samu masoya 'yan gani-kashe-ni, irin waɗanda za su kalli fim sau goma ba su gaji ba, alhali sauran jama'a sun wuce abinsu.

To, ga kuɗin. An kashe wa Alita kimanin dala miliyan 170, ya yi cinikin kusan miliyan 405 a duniya. An kashe wa Pacific Rim tsakanin miliyan 180 zuwa 200, ya yi cinikin kusan miliyan 411. A Amurka Alita ya samu kusan miliyan 86, Pacific Rim kusan miliyan 102. A ƙasar Sin Alita ya samu kusan miliyan 133, Pacific Rim sama da miliyan 110. Ka lura da abu guda: dukansu sun fi cin kasuwa a Sin a kan ƙasar da aka yi su. Riƙe wannan, don nan gizo ke saƙar.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne, suna ɗaukar ciniki a matsayin riba. Duk wanda ya taɓa zama a shago ya san abin da ya shiga aljihun tebur da yamma ba duka ne nasa ba. Kuɗin tikiti a hannun mai gidan sinima yake fara sauka, shi zai ciri kasonsa kafin ya miƙa saura. A Amurka kamfanin fim yakan tashi da wajen rabi. A sauran ƙasashe abin yakan sauka zuwa wajen kashi 40 cikin 100. A Sin kuwa, fim ɗin da aka shigo da shi daga Amurka, wajen kashi 25 cikin 100 ne kawai ke komawa ga masu shi. Wato dala ɗaya da aka biya a Amurka ta yi nauyin dala biyu da aka biya a Sin.

Bari mu buga lissafin da wannan ƙiyasi, ba don shi ne ainihin abin da ke littafin kamfani ba, sai don mu ga girman abin. Alita: rabin 86 shi ne 43. Rubu'in 133, wajen 33. Abin da ya rage daga sauran duniya wajen 186 ne, kashi 40 ɗinsa 74. In ka haɗa, miliyan 150. Pacific Rim: rabin 102 shi ne 51, na Sin wajen 28, na sauran duniya wajen 79, jimla miliyan 158. Yanzu ɗora kowanne a kan jarinsa. Babu wanda ya mayar da uwar kuɗi daga sinima kaɗai, kuma har yanzu ba mu sa kuɗin talla ba, wanda ga fim mai wannan girma yakan kai miliyan 100 ko ya wuce. Shi ya sa masu bin harkar suke cewa sai babban fim ya ninka jarinsa kamar sau biyu da rabi kafin a ce ya fita kunya. A wannan ma'auni Alita yana buƙatar wajen 425, ya tsaya a 405. Pacific Rim yana buƙatar 450 zuwa 500, ya tsaya a 411. In ma za a ce wani ya fi kusa da gaci, to Alita ne.

Bayan sinima akwai sauran kafofi: faifai, sayar wa tashoshin talabijin, manhajojin kallo ta intanet, kayan wasan yara. Waɗannan sukan cike giɓin a hankali cikin shekaru. A nan Pacific Rim yana da wata garaɓasa, domin butum-butumi da dodanni kaya ne da ke sayuwa a kanti, kowane da sunansa da kamanninsa, yaro ya sayi wannan gobe ya nemi wancan. Mu kuwa da aka tura mana fim ɗin a waya a shagon tura finafinai, ko muka kalli wanda aka fassara da Hausa, duk son da muke masa bai shiga wannan lissafi ba ko da sisin kwabo. Wannan gaskiya ce da ya kamata mu sani idan muna cewa "ai kowa ya kalla".

To in lissafin ya zo ɗaya, me ya raba su? Mai shi. A ganina amsar tambayarka kacokan tana nan.

Pacific Rim ɗan gida ne a kamfanin Legendary. Kamfanin ya yi shekaru yana zuba kuɗi a finafinan Warner Bros., irin su jerin Batman na Christopher Nolan, amma sunan da haƙƙin mallakar na wasu ne. Pacific Rim kuwa nasa ne na kansa, abin da zai iya gina gida a kai. Mai ɗa ɗaya ba ya saurin fid da rai da shi. Duk da haka ba a sha da sauƙi ba: an sanar da na biyu a 2014, aka sa rana, daga baya aka ɗage har aka cire shi daga jadawali. Sai a Janairun 2016 kamfanin Wanda na ƙasar Sin ya sayi Legendary a kan dala biliyan 3.5. Kamfanin Wanda kuwa a lokacin shi ne mai ɗimbin gidajen sinima a Sin. Ka ga yanzu lissafi ya juya. Cinikin nan na Sin da muka ce rubu'i kawai ake samu a ciki, ga sabon mai gida ba haka yake ba, tunda yana ci ta wajen fim, yana kuma ci ta wajen sinima. Wata guda bayan sayen aka sanar da sabon darakta, Steven S. DeKnight, aiki ya kankama.

Alita kuma akasin haka ya same shi, kuma abin da ciwo. Ya fita a Amurka ranar 14 ga Fabrairun 2019 a ƙarƙashin 20th Century Fox. Ranar 20 ga Maris, wato mako biyar bayan nan, Disney ya kammala sayen Fox a kan dala biliyan 71.3. Waɗanda suka yarda da fim ɗin suka sa hannu aka kashe masa miliyan 170, wuƙa da nama sun bar hannunsu tun fim ɗin yana sinima. Ya zama maraya a gidan da 'ya'ya suka yi yawa. Gidan da ke da Marvel, da Star Wars, da Pixar, ga kuma Avatar da ya shigo tare da Fox. Finafinai bakwai da Disney ya fitar a 2019 kowannensu ya haura dala biliyan ɗaya. A irin wannan gida, in ka zo da fim ɗin miliyan 405 ka ce a sake ba ka miliyan 170, tambayar da za a yi maka ba "an yi asara?" ba ce. Za a tambaye ka ne me ya sa ba za a zuba kuɗin nan inda zai dawo ninki biyar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda labaran biyu suka ƙare. Pacific Rim ya rufe labarinsa ruf: an toshe ramin da dodanni ke fitowa, yaƙi ya ƙare, kowa ya tashi da gamsuwa. Bai roƙi na biyu ba. Alita kuwa ka tuna yadda aka bar mu. Yarinyar da Dakta Ido ya tsinto kanta da ƙirjinta a juji, wadda ta gatsa lemo da ɓawonsa don ba ta san ana ɓarewa ba, ita ce a ƙarshe take tsaye a tsakiyar filin wasan Motorball, jama'a na sowa, ta ɗaga takobinta tana nuna birnin Zalem da ke rataye a sama. Can sama Nova, mugun labarin, yana kallonta, ya cire tabarau, sai ga fuskar Edward Norton. Ba a ɗauko jarumi irin wannan don daƙiƙa kaɗan sai in an yi niyyar ci gaba. Ranar da na kalla tare da ƙannena, da rubutu ya fara hawa sai ƙaramin ya karɓi wayar yana ja da baya, yana zaton wani yanki ne ya tsallake. Rabin labari aka ba mu, ba mu ko taka Zalem ba.

Amma kafin mu ce Pacific Rim ya dace, dubi abin da ya biyo baya. Pacific Rim Uprising ya fita a Maris 2018. Del Toro bai ba da umarni ba, ya tafi ya yi The Shape of Water wanda ya ba shi Oscar a wannan shekarar. Charlie Hunnam, jarumin na farko, bai dawo ba, aka ɗora labarin a kan John Boyega, ɗan Ingila mai asali da Najeriya, a matsayin ɗan kwamandan da Idris Elba ya fito a na farko. An rage jari, an ƙara jarumai da wurare na Sin. Sakamako: wajen miliyan 290 a duniya, Amurka wajen miliyan 60 kawai. Ya gaza na farko da sama da miliyan 100, kuma yawancin masoyan na farkon ba su karɓe shi ba. Nauyin nan da ake ji a na farko, lokacin da butum-butumi ya jawo jirgin ruwa a titin Hong Kong cikin ruwan sama ya maka wa dodo kamar kulki, babu shi a na biyu. Duk wani shugaban kamfani da aka kawo wa takardar Alita na biyu yana da wannan misali a gabansa.

Kuma dabarar rage jari ba ta zauna wa Alita daidai ba. A Pacific Rim jaruman mutane ne, za ka iya cika minti goma da hira a ɗaki ba tare da kwamfuta ta yi aiki mai yawa ba. A Alita, jarumar ce kanta aikin kwamfuta. Rosa Salazar, wadda ta fito a matsayin Alita, tana wasa da na'urori a jikinta da kyamara a gaban fuskarta, sannan ƙwararrun kamfanin Weta a New Zealand su sake gina kowane motsi, har ƙyafta ido. Ko zaune take tana cin cakulan, kuɗi ne ke zuba. Ga shi kuma labari zai hau sama zuwa Zalem, birnin da sai an ƙirƙire shi daga tushe.

Kada kuma a ce miliyan 400 hukunci ne da ba ya canzawa. Dune na 2021 an kashe masa wajen miliyan 165, ya yi cinikin wajen miliyan 400, kusan lissafin Alita sak, amma kwana huɗu da fitowarsa a Amurka aka sanar da na biyu. An yi masa uzurin annobar korona da kuma cewa an sake shi a manhajar kallo ta HBO Max rana ɗaya da sinima. Na biyun ya fita a 2024 ya haura miliyan 700. Wane kamfani ne a bayansa? Legendary dai.

Saboda haka in ka tsare ni sai na ba da amsa, zan ce kuɗin Alita ya isa a yi na biyu ga mai gidan da yake so, bai kai ya tilasta wa wanda ba ya so ba. Masoya sun yi bakin ƙoƙarinsu, har jirgi suka yi haya ya ja ƙyallen kira a yi na biyu a sararin Los Angeles ranar bikin Oscar na 2020, kuma an sake haska fim ɗin a wasu sinimomin Amurka a Oktoban wannan shekarar. Amma wanda maganarsa ke da nauyi a wajen Disney mutum ɗaya ne, Cameron, wanda Avatar: The Way of Water nasa ya kawo sama da dala biliyan 2.3. Shi da Rodriguez sun sha faɗa a hirarraki cewa sun yi wa juna alkawarin za su yi. Sai dai Avatar ya cinye masa shekaru, kuma Jon Landau, wanda ya fi kowa yawan tayar da maganar Alita a gaban 'yan jarida, ya rasu a Yulin 2024, shekara biyar bayan fitowar fim ɗin ba a ɗora kyamara ba. Abin da ke ɗan kwantar min da hankali shi ne, tunda fuskar Alita a kwamfuta ake gina ta, shekarun da suka wuce ba za su hana Rosa Salazar komawa cikin rawar ba. In ka ga labari yana yawo cewa an fara, duba ko 20th Century Studios, wato sabon sunan 20th Century Fox a ƙarƙashin Disney, ne da kansa ya sanar, kuma ko ya sa ranar fita.