Sleep ko Hibernate? Amsa ga ɗan'uwan da laftof ɗinsa ke zafi a cikin jaka

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya da daddare ya ce in ya tashi daga lacca yakan rufe murfin laftof ɗinsa ne kawai ya jefa ta a jaka, kafin ya kai gida ta yi zafi rau batir ya kusa ƙarewa, wani lokacin kuma in ya buɗe sai ya tarar fitila na ci amma sikirin baƙi ƙirin, yana so ya san tsakanin Sleep da Hibernate wanne ya fi. To malam ga abin da na sani a kai.

Duk abin da ka buɗe kana aiki da shi, Word ne, Chrome ne, yana zaune ne a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuma RAM da wuta ta ɗauke mata ta manta komai, ko na ƙiftawar ido ne. Bambancin biyun duk a nan yake. Sleep yana kashe sikirin da fanka da had-dis, amma ya bar wa RAM 'yar wuta kaɗan don ta riƙe aikinka. Hibernate kuwa yana kwashe abin da ke RAM ɗin ya zuba shi a wani fayil mai suna hiberfil.sys a cikin C, wato ɓangaren had-dis da Windows ke zaune, sannan ya kashe kwamfutar murus. Kamar mai shago ne a kasuwa, in sallar azahar zai je sai ya rufa buhu a kan kaya ya ce wa maƙwabci ya sa masa ido, in kuwa tashi zai yi gida sai ya shigar da komai ciki ya sa kwaɗo.

Ta wajen sauri Sleep ba shi da na biyu, kana ɗaga murfi daƙiƙa biyu uku ka koma inda ka tsaya. Hibernate sai ya karanto fayil ɗin nan tukun, in SSD, wato had-dis na zamani mai sauri, ke cikin na'urarka ba wani jira ba ne sosai, amma in tsohon had-dis ne mai juyawa to sai ka yi haƙuri, yana iya kai minti ko fiye in ka tara abubuwa a buɗe. Ta wajen batir kuma abin ya juye, Hibernate ba ya shan komai, ka bar ta sati a haka za ka dawo ka samu aikinka yadda ka bar shi, Sleep kuwa yana tsotsa a hankali a hankali. Sai batun wuri, fayil ɗin Hibernate a Windows 10 da 11 yakan ci kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato mai 8GB zai rasa wajen 3GB da ɗan wani abu, mai 16GB sama da 6GB. Mai SSD 128GB da kullum C ɗinsa ke nuna ja don ya kusa cika zai ji a jikinsa, saura kuwa ba abin damuwa ba ne.

Wani zai ce ai ko batir ya kusa mutuwa a Sleep, Windows da kanta takan shiga Hibernate kafin ta ɗauke. Haka ne, amma fa sai batirin mai gaskiya ne. Yawancin laftof ɗinmu 'yan gwanjo ne, batir zai nuna maka kashi 30 yanzu, ka waiwaya ya mutu ɗif, ita Windows ɗin ba ta ma samu sararin ajiye komai ba, ga NEPA ba tabbas. In kana son ganin gaskiyar batirinka buɗe cmd, wato Command Prompt inda ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta ajiye maka rahoto, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda yake iya ɗauka yanzu, wasu in sun gani sai sun riƙe baki.

Yanzu maganar zafi a jaka, wadda ita ce ainihin matsalarka. Kafin komai duba abu mafi sauƙi, shiga Control Panel, Power Options, ka danna Choose what closing the lid does. Sau da yawa za ka tarar an sa Do nothing, ma'ana kai kana ganin ta yi barci alhali a kunne take tana aiki cikin jaka babu iska, a zafin nan namu na Afrilu kuwa ai dole ta gasu.

In ba shi ba ne, buɗe cmd a matsayin administrator ka rubuta powercfg /a. Idan ka ga Standby (S3) a cikin waɗanda na'urar ke iya yi, kana da Sleep irin na da, mai barcin gaske. Idan kuwa S0 Low Power Idle ka gani, to naka shi ne wanda Microsoft ke kira Modern Standby, ya samo asali tun zamanin Windows 8 a 2012 kuma yawancin sababbin laftof da shi suke zuwa. Shi wannan so aka yi kwamfuta ta zama kamar waya, sikirin ya mutu amma ba ta kwanta gaba ɗaya ba, tana iya riƙe Wi-Fi ta leƙa saƙo ko afdet. In komai lafiya batir kaɗan take ci, amma direba ɗaya, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar, ya samu matsala shi ke nan ba za ta kwanta ba sam. A ganina wannan tsarin bai dace da mai yawo da laftof a jaka cikin adaidaita ba ko kaɗan. Akwai powercfg /sleepstudy da ke nuna maka abin da ya sha batirin lokacin da take rufe. Kada ka bi masu cewa ka taɓa registry, wato rumbun saitin Windows, don dawo da S3, na'urori da yawa BIOS ɗinsu, manhajar da ke tada na'urar kafin Windows, ma bai san shi ba, ƙara jagula abin za ka yi.

Mai S3 da duk da haka take zafi, wani abu ne ke tashinta. powercfg /lastwake zai gaya maka abin da ya tashe ta na ƙarshe, powercfg /devicequery wake_armed kuma ya jero maka duk waɗanda aka ba izinin tashinta. Babban ɓarawon dai maus ne marar waya, ka bar ɗan abin nan nasa a maƙale a USB, ka jefa maus ɗin a jaka ba ka kashe ba, adaidaita na faɗawa rami ya motsa, laftof ta farka. Shiga Device Manager ka nemo shi, a Power Management ka cire alamar Allow this device to wake the computer. Wadda kuma ke ƙin yin barcin tun farko, powercfg /requests zai nuna manhajar da ta riƙe ta.

Baƙin sikirin bayan tashi kusan kullum direban hoto ne. In ya faru kada ka yi saurin danne maɓallin kashewa, fara gwada Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda, za ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙifta, sau da yawa yana dawowa. Maganin dindindin ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, musamman in a kasuwa aka zuba maka Windows aka bar ka da Microsoft Basic Display Adapter. Sannan ka gwada cire Fast Startup, domin muddin yana kunne Shut down ba cikakken kashewa ba ne, Windows tana ajiye wani ɓangare nata ne a wancan fayil ɗin na hiberfil.sys, matsalar jiya sai ta biyo ka yau. Restart ne ke wanke ta tas, shi ya sa yana da kyau ka riƙa yinsa ko sau ɗaya a sati.

Da ni ne kai ga yadda zan saita ta. A shafin nan na murfi ka danna Change settings that are currently unavailable, ka sa alama a Hibernate don ya fito a wajen kashewa, in ba ka gan shi ba rubuta powercfg /hibernate on a cmd ka dawo. Sai ka sa rufe murfi ya zama Hibernate a ɓangaren On battery, ka bar Sleep ga maɓallin wuta don in za ka tashi alwala ko cin abinci ka dawo. Masu cewa Hibernate na kashe SSD, gaskiya yana rubutu a kansa, amma sau biyu uku a rana ba shi zai ga bayansa ba. Ka dai jira fitila ta mutu fanka ta yi shiru kafin ka sa a jaka, kuma Ctrl da S kafin ka rufe, ko wanne ka zaɓa.

Ka turo mana hoton abin da powercfg /a ta nuna maka tare da samfurin laftof ɗin, sai mu san ta inda za a kama.