Tarihin Diori Hamani a katin memori: bitar wani shago a Maigatari

A kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, akwai wani ƙaramin shago da ake tura wa mutane karatu da wa'azi a katin memori, kuma cikin kayansa har da jerin muryoyi kan tarihin Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Kuɗin turawar bai taka kara ya karya ba, kuma mai shagon yakan sa katin a rediyon mai saye, ya kunna masa ya ji kafin ya karɓi kuɗinsa.

Mai ba da labarin yana da Hausar Damagaram mai daɗin saurare, ba ya gaggawa. Ya bi sawun Diori tun yana malamin makaranta, zuwa kafa jam'iyyar PPN a 1946 da zaɓensa majalisar dokokin Faransa, da kayen da ya sha a 1951, da dawowarsa a 1956, har zuwa samun 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Inda ya fi burge ni shi ne bayanin yadda Diori ya tsaya bayan gwamnatin tarayyar Najeriya a yaƙin basasa, alhali Faransa tana tallafa wa Biyafara.

Sai dai da aka zo kan Sawaba, jam'iyyar adawa ta Jibo Bakari, sai labarin ya yi tsalle. An ambaci gurnetin da aka jefa wa Diori a filin idi a 1965, amma ba a faɗi cewa tun 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ba, ko cewa ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya, ko irin ukubar da 'yan Sawaba suka sha bayan yunƙurinsu na tawaye a 1964. Wannan giɓi babba ne a yanki irin namu, inda tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka san alaƙar da ke tsakanin tafiyoyin biyu. Haka nan an bayyana juyin mulkin Seyni Kountche na 15 ga Afrilu 1974, wanda aka kashe Aisa, uwargidan Diori, a cikinsa, ba tare da an taɓo fari da zargin karkatar da abincin agaji ba.

Kashi na ƙarshe, kan tsare Diori da rasuwarsa a Rabat a 1989, ƙarar janareta ta danne rabinsa, don haka mai saye ya nemi a kunna masa shi tun a shagon.