Awa ɗaya a kan kogin Sen: yadda na ga jirgin yawon Paris

Kwana uku na yi a Paris ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ina ɓullowa kamar gafiya, ban san gabas ba balle yamma. A rana ta huɗu ƙanena da ke karatu can ya ce, "Yaya, in ba ka hau ruwa ba, ba ka ga garin nan ba." Muka yanki tikitin jirgin ruwa a gindin hasumiyar Eiffel, muka hau bene.

Gaskiyarsa. Sai a kan ruwa na gane fasalin birnin. Kogin ne ya raba shi biyu, ɓangaren kudu su ce gaɓar hagu, na arewa gaɓar dama, domin suna lissafi ne da inda ruwa ya nufa. Manyan gine-ginen duk sun jeru a bakinsa kamar masu jiran gaisuwar sarki. Ga Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1900 da aka mayar gidan kayan tarihi, ga Louvre, shi ma gidan kayan tarihi, a tsallake, tsawonsa har ya gundure ni. Muka ratsa ƙarƙashin Pont Neuf, wai "sabuwar gada", alhali ita ce mafi tsufa cikin gadoji 37 na birnin, tun 1607 aka gama ta. Daga nan sai tsibirin Cité, cibiyar tsohon gari, inda cocin Notre-Dame take. Ita ce ta yi gobara a 2019, aka sake buɗe ta a Disamban 2024.

Abin da ya ɓata min rai lasifikar bayani ce. Harsuna take bi ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo kan wanda nake ji, ginin da ake magana a kai ya wuce. Ga masu ɗaukar hoto da ke miƙewa su tare maka gaba, ko sannu babu. Iskar kogi kuma ba ta san bazara ba. Ni da na fito da 'yar shara sai da haƙorana suka kaɗa.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Wanda zai je, ya hau a ranarsa ta farko, kada ya yi irin tawa, ya kuma zaɓi jirgin faɗuwar rana. A watan Yuni sai wajen ƙarfe goma ake magariba. Muna dawowa daidai ƙarfe goma sha ɗaya fitilun hasumiyar Eiffel suka kama ƙyalƙyali, minti biyar cur, har ƙanen nawa da ya saba gani ya zaro waya.