Majigi ko talabijin don ajin yara a unguwar Nima ta Accra

Malam, barka da sauka, Allah ya sa Accra ta karɓe ka. Tsakanin majigi da talabijin da ka tambaya, sayi talabijin mai inci 43, ka kafa ta a bango daidai gefen allo.

Majigi na fara saya shekarar da na zo daga Kano, har yau kuɗin nan na yi mini ciwo. Hantsi na ɗagawa hoton sai ya dusashe, dole mu rufe tagogi. Rufin kwano, yara fiye da arba'in, ga zafin Accra mai ɗanko, kafin a yi rabin darasi kowa ya jiƙe da gumi. Da hunturu ya shigo ƙura ta cika masa ciki, ya riƙa kashe kansa. Yana da rana idan taron dare ne a fili, amma ba shi kake nema ba.

Talabijin ɗin nan kuwa ita ta ɗinke tsakanina da ɗalibaina. Za ka gani da kanka, Hausar yaran Zango ba irin tamu ba ce. Mace da namiji duk "shi" ne, ga harshen Twi na Ghana da Turanci a gauraye, kuma Turancin nawa ma baƙo ne a kunnensu. Watannin farko sai in gama bayani in ga sun zuba mini ido kawai, in koma ɗaki raina a jagule. Ranar da muka zo darasin wutar lantarki, na sa musu bidiyon madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965 a kan kogin Volta, suka ga yadda ruwa ke juya injina. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe, ta nuna hoton da yatsa, ta yi wa na kusa da ita bayani da Hausarsu tiryan-tiryan. Na tsaya ina sauraro, ni ma na tsinci kalmomi a bakinta. Tagogi a buɗe, iska na shiga, na benci na ƙarshe yana gani tas.

Ga kuma batun dumsor, wato ɗauke wuta. Talabijin irin wannan ba ta cin wat 100, ƙaramar inbata ta isa ta riƙe ta, majigi mai ƙwai kuwa yakan kusa 300. Ka riƙa sauke darussa da dare ka zuba a filas, kada ka dogara da data a cikin aji. Na san mai gida ya riga ya karɓe maka kuɗin haya na shekara ko biyu a dunƙule, to duk da haka kar ka tsallake sitabilaiza, sannan mai walda ya yi mata keji.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Idan ka shiga Circle ko Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, 'yan kamasho na jin harshenka za su gane baƙo ne, farashi ya tashi. Akwai masu manna sunan babban kamfani a jikin jabu, akwai masu sayar da wadda aka gyara su rantse sabuwa ce. A kunna a gabanka, ka sa farin hoto ka duba ko akwai zane ko tabo, ka gwada kafar HDMI da ta filas, ka shiga saiti ka ga sunan ya yi daidai da na kwali. Wadda aka gwada ita za a naɗe a kan idonka, kar ka yarda a shiga da ita ciki. Kada ka tura ko sisi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin kaya ya zo hannunka, kuma ka karɓi rasit mai hatimin shago.

In za ka iya haƙuri zuwa Juma'a, mu haɗu a babban masallacin Kanda bayan an idar da salla, in raka ka.